Mita Ɗaya, Ɗaki Goma Sha Biyu: Tattalin Wutar Lantarki a Nima da Mamobi

Akwai kalmomin da wahala ke cusa wa harshe, mutane su karɓe su ba shawara. Kalmar "dumso" tana cikinsu. Asalinta daga Tonanci ne, wato harshen Ashantawa: "dum" a kashe, "so" a kunna. Tsakanin 2012 da 2016, lokacin da ƙarancin wutar lantarki ya addabi ƙasar Gana, kalmar ta shiga bakin tela da mai aski da mai sayar da ruwan sanyi a Nima da Mamobi, har ta zama kamar da ita aka haifi Hausar zango. Yau wuta ta fi zama a kan wancan zamani, sai dai kukan ya koma kan kuɗinta. Ra'ayina shi ne, babban kaso na abin da mutanen zangunan Akra ke biya yana zurarewa ne ta kafa uku: mitar tarayya, tsohon firiji, da rufin kwano mai zafi. Dukkansu kuwa ana iya toshe su, in an haɗa kai.

Ya kamata a fara sanin inda tsadar ta samo asali. Da aka kammala madatsar ruwa ta Akosombo a 1965, zamanin Kwame Nkrumah, Gana ta daɗe tana shan wuta mai araha daga kogin Volta. Amma ruwa na Allah ne. Farin 1983 da na 1998 da na 2007 sun rage ruwan tafkin, jama'a kuma suna ta ƙaruwa, dole ƙasar ta koma ga tashoshin da ke ƙona iskar gas da mai a Tema da Aboadze. A yau fiye da rabin wutar ƙasar daga irin waɗannan tashoshi take fitowa, makamashinsu kuwa da dala ake lissafinsa. Saboda haka duk lokacin da sidi ya faɗi, hukumar PURC mai ƙayyade farashin wuta da ruwa takan sake lale. A watan Satumba na 2022 ta ƙara kashi 27.15 cikin ɗari, a Fabrairun 2023 ta sake ƙara kashi 29.96, a daidai lokacin da hauhawar farashin kaya ta haura kashi 50. Mazaunin Nima ba shi da ta cewa a kan dala, ba shi da iko da ruwan Volta. Abin da ke hannunsa shi ne yawan yunit ɗin da ke ratsa mitarsa.

Yunit ɗin nan ba wani abin ɓoye ba ne. Kayan lantarkin da ke jan wat 1,000, in ya yi awa ɗaya a kunne, ya ci yunit ɗaya. Dutsen guga kusan haka yake ci. Fankar sama mai wat 75 da ke juyawa awa goma kullum tana cin yunit 22 da rabi a wata. Ƙwan fitila na LED mai wat 9, in yana ci awa shida kowane dare, bai kai yunit biyu a wata ba, alhali tsohon ƙwai mai wat 60 yakan ci kusan 11. Na'urar sanyaya ɗaki mai jan wat 1,000 kuwa, awa takwas kowane dare, yunit 240 ke nan. Wanda ya riƙe wannan ɗan lissafi ya san wane ne ɓarawon da ke kwana a ɗakinsa.

Kafa ta farko, kuma mafi ciwo, ita ce mitar tarayya. Farashin wutar gida a Gana hawa-hawa ne. Akwai rangwame na musamman ga masu ƙaramin ƙarfi, wanda a da ya shafi duk wanda bai wuce yunit 50 a wata ba, aka rage shi zuwa 30 a 2022. Sama da haka akwai farashin gama-gari, wanda kuma ya wuce yunit 300 ya shiga matakin da ya fi tsada. Niyyar tsarin kyakkyawa ce: mai hali ya tallafa wa marar hali. Sai dai mita ba ta san ɗaki ba, gida ta sani. Yawancin gidajen Nima da Mamobi kuwa gidajen haya ne masu ɗakuna da yawa kewaye da tsakar gida ɗaya. A ɗauki misalin gida mai ɗaki goma sha biyu, kowane ɗaki yana cin yunit 30. Da kowa na da mitarsa, da dukkansu sun shiga rangwame. Da yake mita ɗaya ce, sai ta nuna 360, a caje su kamar wani attajirin unguwar Cantonments. Tallafin da aka tanada domin talaka ya tsallake shi saboda kawai yana zaune cikin 'yan'uwansa talakawa.

Ɓarnar ba ta tsaya a nan ba. A irin waɗannan gidaje akan raba kuɗin wuta ne ta hanyar ƙirga kaya: ƙwan fitila maki kaza, fanka kaza, talabijin kaza, firiji kaza. Wannan rabo ba ya duba tsawon lokacin da kaya ke kunne, ba ya bambanta sabon firiji da tsoho. Wanda ya kashe fitilarsa da ya fita, da wanda ya bar fanka tana juyawa a ɗakin da ba kowa, kuɗi ɗaya za su biya. To me zai sa mutum ya yi tattali, alhali ribar tattalinsa za a raba ta goma sha biyu? Ga kuma zargi: wane ya ɓoye hita, wance tana guga da tsakar dare. Idan mitar mai kati ce, kuɗi ya ƙare ana cikin barci, gari ya waye da cacar baki tsakanin mutanen da suke sallah sahu ɗaya. Haƙƙin maƙwabtaka ya fi kuɗin yunit tsada, mitar tarayya kuwa tana cin duka biyun.

Maganin a fili yake: kowane iyali da mitarsa. Abin da ke hana shi ma a fili yake. Neman mita daga kamfanin ECG yana buƙatar yardar mai gida da gyaran wayoyi da takardar ma'aikacin lantarki mai lasisi, ga kuɗi, ga jira. Mai gida ba shi ke biyan kuɗin wutar ba, don haka ba ya gaggawa. Ɗan haya kuma yana tsoron kashe kuɗi a ginin da ana iya tashinsa daga ciki. A nan ne ya kamata sarakunan zango da limamai da majalisun Ayawaso ta Gabas da Ayawaso ta Arewa su shiga tsakani, su tattara buƙatun lungu guda a kai wa kamfanin a dunƙule, su kuma sasanta yadda mai gida da ɗan haya za su raba kuɗin. Kafin a kai ga haka, ƙaramar mitar ɗaki da ake sayarwa a kasuwa tana iya kashe rigimar rabo, domin kowa zai biya abin da ya ci, ko da yake ba ta dawo da rangwamen gwamnati.

Kafa ta biyu ita ce tsohon firiji. Shekara da shekaru Turai tana juye wa Afirka ta Yamma firijin da ta gama da su, mu kuma muna saye saboda araha. Binciken Hukumar Makamashi ta Gana ya nuna cewa irin waɗannan firiji sukan ci kimanin yunit 1,200 a shekara, wato 100 a wata, fiye da ninki uku na dukan rangwamen talaka. Sabon firiji mai inganci yakan ci kusan sulusin haka. Shi ya sa aka kafa dokar hana shigo da tsofaffin firiji da na'urorin sanyaya ɗaki a 2008, aka fara aiki da ita sosai a 2013. An kuma wajabta liƙa wa sababbin kaya wata takarda mai ruwan ɗorawa mai taurari, wadda ke nuna yunit nawa kayan ke ci a shekara. Iyakar yawan taurari, iyakar sauƙin ci. Wanda ya sayi firijin gwanjo ya ci riba rana ɗaya a kasuwa, sannan ya riƙa biyan bashinta kowane wata. Hausawa sun ce araha ba ta ado.

Ga mai shakkar cewa irin waɗannan ƙananan canje-canje suna da tasiri, tarihin ƙasar ya isa shaida. A 2007, da ruwan Akosombo ya ja baya, gwamnati ta raba ƙwan fitila mai tattalin wuta guda miliyan shida kyauta, ta karɓe tsofaffin. Buƙatar wuta a lokacin da ake tsananin amfani da ita ta ragu da megawat 124. Madatsar Bui da aka buɗe a 2013 megawat 400 take bayarwa. Wato sauya ƙwan fitila kaɗai ya samar da kusan sulusin madatsar ruwa, ba a tashi ƙauye ko ɗaya ba.

Masu sana'a su ne suka fi kowa buƙatar wannan lissafi, domin kuɗin wuta daga cikin ribarsu yake fita. Mai sayar da fura da nono ko zoɓo ko ruwan leda a bakin titin Nima, firizarta ce jarinta. In ta ajiye ta inda rana ke dukanta, ko ta manna ta da bango, ko robar murfin ta saki, ko ƙanƙara ta yi kauri a ciki, injin ba zai huta ba. Haka ma in ta zuba zoɓo da zafinsa. Robar murfi kuɗinta kaɗan ne, inuwa kuwa kyauta ce. Telan da ke aiki da tsohuwar motar keken ɗinki, wadda ke juyawa ko ana ɗinki ko ba a yi, yana biyan kuɗin hirar da yake yi da abokan ciniki. Akwai sabuwar mota wadda ba ta jan wuta sai an taka. Mai wanki da guga kuma ya tara kaya ya goge a zama ɗaya, ya fi ya riƙa ɗumama dutse sau goma a yini.

Kafa ta uku ita ce zafi. Gidajen zango a cushe suke, lunguna ƙunci, tagogi ƙanana, rufi na kwano, sau da yawa ba silin. Kwano yakan sha rana yini guda ya juye ta cikin ɗaki, fanka ta kwana tana kaɗa iska mai zafi, mai ɗan hali kuma ya ruga sayen na'urar sanyaya ɗaki. Farin fenti a kan kwano yana mayar da hasken rana, silin yana tare zafi, taga biyu masu fuskantar juna suna barin iskar teku ta ratsa. Magina na Kano da Zariya da suka yi soraye masu kaurin bango sun san wannan ilimi tun kafin a san lantarki. Duk mai ƙara ɗaki ko bene a Mamobi ya tuna cewa ginin da ya yi yau shi zai yanke wa 'yan hayarsa kuɗin wuta na shekaru masu yawa.

Wani zai ce, ai wannan ɗora wa talaka laifi ne. Nawa ne mai ɗaki ɗaya yake ci? Kamfanin ECG da kansa yana asarar kusan kashi 30 cikin ɗari na wutar da yake saye, ta lalacewar kayan aiki da sata da rashin karɓar kuɗi. A Maris na 2023 ya fito neman bashin sidi biliyan 5.7, manyan masu bashin kuwa har da ma'aikatun gwamnati. Wannan magana gaskiya ce, kuma wajibi ne a ci gaba da faɗarta. Amma gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Kuɗin da aka tsirar daga tsohuwar firiza aljihun mai ita yake komawa, ko kamfani ya gyaru ko bai gyaru ba. Ita kuwa satar wuta, wadda wasu ke ɗauka a matsayin ramuwa, asararta kan dawo cikin farashin da kowa ke biya, wayoyinta kuma su ne kan tada gobara a lungun da motar kashe wuta ba ta iya shiga.

Hujja mafi ƙarfi ita ce ta rashin kuɗin farawa. Wanda ke neman na cefanen yau ba zai iya sayen firiji mai taurari ba, ko da ya san shi ya fi. Gwamnati ta taɓa amsa wannan a 2012, da shirin karɓar tsohon firiji a ba mutum ragi kan sabo, tare da tallafin Majalisar Ɗinkin Duniya. Irin wannan shiri ya cancanci a farfaɗo da shi, kuma Asusun Raya Zanguna da aka kafa da dokar 2017 wuri ne da ya dace ya ɗauki nauyin mitoci da firizojin masu ƙananan sana'o'i. Kafin nan, muna da adashi. Matan da ke tara kuɗin biki da suna ta wannan hanya suna iya tara na firiza, kowace ta ɗauka in kwasarta ta zo.

Addinin mafi yawan mutanen zango ya hana almubazzaranci ko a ruwan alwala. Ya kamata masallatai su zama abin koyi: a kashe fankoki da fitilu bayan an sallame, a sauya ƙwayayen da suka tsufa, liman ya ware huɗuba guda a kan haƙƙin maƙwabci a mitar tarayya. Kowane gida kuma ya zauna sau ɗaya, a rubuta abin da mita ta nuna a farkon wata da ƙarshensa, a gano kayan da ya fi ci, a fara da shi. Farashin yunit a ofishin PURC ake yanke shi, amma yawan yunit a tsakar gida ake yanke shi, kuma can ne muryar ɗan haya take da nauyi.