Kunne da Kwamfuta: Kuka ko Kuka?

A wannan wata za mu taɓo wani aiki da masana ke yi da kwamfuta, wanda da jin sa sai a ce na Turawa ne, alhali ya shafi harshenmu ƙwarai.

Ku faɗi "kuka" na hawaye, sannan ku faɗi "kuka" ta miya. A rubutun boko ba su da bambanci ko kaɗan. Murya ce kawai take sauka a gaɓar ƙarshe idan miya ake nufi. Haka wuyan da ake rataya laya da wuyar da ake sha. Wannan hawa da saukar murya shi malamai ke kira karin sauti, kuma kunne ne ke ɗauke da shi.

To, yaya za a auna abin da kunne ke kamawa? Mutum ba ya iya faɗin kalma sau goma iri ɗaya sak. Shi ya sa a 1957 wasu masana a Amurka suka zana sautukan "b", "d" da "g" da hannu, wata na'ura ta karanta wa mutane zanen. Yau kuwa akwai Praat, wani tsarin kwamfuta na kyauta da Paul Boersma da David Weenink suka ƙirƙiro a Jami'ar Amsterdam ta ƙasar Holan tun shekarun 1990. Sai a ɗauki muryar mutum guda yana cewa "kuka", kwamfuta ta riƙa sauke gaɓar ƙarshe kaɗan-kaɗan, mataki-mataki, ba ta taɓa sauran ba. A gauraya su, a sa wa mai sauraro a kunne, a ajiye masa hoton jariri da na bishiya ya nuna wanda ya ji. Inda ya bar jariri ya koma bishiya, nan ne iyakar da kunnensa ya shata.

Kada a ɗauka wasan 'yan boko ne. Awon ji da aka saba yi a asibiti ƙara ce zalla, siririya da mai kauri, ba magana ba. Dattijo zai iya jin ƙarar, ya dawo zango ana masa magana yana ta "Me ka ce?" Bincike a kan masu jin Sinanci, wanda shi ma harshe ne mai karin sauti, ya nuna kuramen da aka dasa wa na'urar ji a cikin kunne sukan sha wahala wajen rarrabe wannan hawa da sauka, ko da suna jin sauran maganar.

Mu dai da muna da ɗa a jami'a mai neman abin bincike, ga shi nan. Kwamfuta ɗaya da abin sawa a kunne sun isa, sai tsofaffin zango da jikokinsu da suka tashi cikin wani yare. A gwada su duka biyu, mu ji ko iyakar tasu wuri ɗaya take.