Waiwaye: Kanumfarin Zanzibar da Guguwar 1872

Kanumfarin da muke jefawa a kunun zaƙi da zoɓo asalinsa tsibiran Maluku ne a Indunusiya. A farkon ƙarni na 19 ya isa Zanzibar, inda Sarki Sayyid Sa'id na Oman, wanda ya mai da fadarsa can, ya matsa wa masu gonaki lamba su dasa shi. Aka sare dazuzzuka, aka ture shinkafa da kwakwa gefe, bayin da aka kwaso daga gabashin Afirka suka yi aikin da guminsu da jininsu. Ba a daɗe ba tsibirin ya zama jagaba a kasuwar kanumfari ta duniya.

A watan Afrilun 1872 guguwa ta taso daga teku ta afka wa Unguja, babban tsibirin, ta kwantar da mafi yawan itatuwan. Kanumfari kuwa ba gero ba ne da za a sake shukawa baɗi: dashe yakan kai shekara biyar zuwa bakwai kafin a tsinki ƙwayar farko. Masu gonaki da yawa suka nutse cikin bashin attajiran Indiya. Pemba, ɗaya tsibirin na Zanzibar, wadda guguwar ta kauce wa, ita ta karɓi ragamar noman.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne itacen kansa bai nemi a bar shi shi kaɗai ba. Ƙaramin dashe ba ya jure zafin rana, inuwa yake so, shi ya sa ƙaramin manomi ke dasa shi a gindin ayaba. A irin wannan gona kwakwa na sama, masoro na nannaɗe jikin bishiya, kirfa da rogo na ƙasa. Iska ta karya wani, wani ya tsaya. Farashin ɗaya ya faɗi, tukunya ba ta sauka daga murhu ba. Manyan gonakin sarauta ne suka yi watsi da wannan don kwaɗayin riba, talakawa suka biya.

An sake ɗanɗana kuɗa a shekarun 1980. Indunusiya, babbar mai saye saboda sigarinta mai kanumfari, ta koma noma abinta, farashi ya rushe, manoman Pemba da suka jingina da shi kaɗai suka rasa na cefane, wasu ma suka bar itatuwan ba kulawa.