Mita Ko Ƙafa, A Faɗi Ma'auni Kafin A Fara Aiki

Tun a shekarun 1970 Nijeriya ta bar awon Ingila na inci da ƙafa da laba, ta koma ga mita da kilo da lita. Amma har yau magini yana sayen bulo mai inci 9, tela yana auna atamfa da yadi, alhali siminti yana zuwa a buhun kilo 50, rodi a milimita 12 ko 16, zanen injiniya kuwa da mita ake yin sa. Wato ma'auni biyu ke aiki a kan gini ɗaya.

Kowane ɗaya daga cikin biyun yana iya gina ɗaki ya tsaya. Hatsarin yana wajen gauraya su ba tare da an faɗa ba. A 1983 wani jirgin Air Canada yana bukatar mai kilo 22,300, sai aka yi masa lissafi da laba, ya tashi da ƙasa da rabin abin da yake bukata, domin kilo ɗaya laba 2.2 ne. Mai ya ƙare yana sama. Da ikon Allah da ƙwarewar matuƙan ya sauka a Gimli, ba a rasa rai ba. Haka kuma a 1999 hukumar NASA ta Amurka ta yi asarar kumbon da ta aika duniyar Mars, saboda kamfanin da ya ƙera shi ya ba da lissafi da laba, masu tuƙa shi kuwa suka ɗauka na tsarin mita ne.

In masana irin waɗannan sun yi tuntuɓe, ina ga kwamitin ginin majami'a a ƙauye? Ku duba takardar fili. Mun saba cewa "50 da 100", muna nufin ƙafa, wato kusan mita 15 da 30. In takarda ba ta faɗi ma'auni ba, wani zai iya tasowa gobe ya ce mita ne, filin kuwa ya ninka fiye da sau goma. Daga nan sai shari'a da maƙwabci, kuɗin baiko na gwauraye da manoma ya tafi kotu.

Littafi Mai Tsarki bai ɗauki awo da wasa ba. Littafin Firistoci sura 19 ya sa ma'aunin gaskiya cikin dokokin tsarki, annabi Amos kuma ya tsauta wa masu rage mudu. Wanda ya san yadi bai kai mita ba da kusan santimita 9, ya yi shiru ya sayar, ya rage mudu ke nan.

Saboda haka muna kira ga dattawan ikkilisiya da magina da kafintoci da teloli: kada a rubuta lamba ita kaɗai, a sa mata ma'auninta. A bi ma'aunin da ke kan zane daga tushe har rufi. Makarantun mishan kuma su koya wa yara juya inci zuwa milimita, inci ɗaya 25.4 ne. Ubangiji ya sa mu zama masu aminci a ƙaramin abu. Amin.