Zaman jinya a Alƙahira: aiki ne ko ba aiki ba ne wajen sabunta lasisin nas?

Wata goma sha huɗu ke nan ina zaune a Madinatu Nasr, nan Alƙahira, ina jinyar mahaifiyarmu da ake yi wa wankin ƙoda sau uku a mako. Da aka zauna a gida Kano za a zaɓi mai rako ta, ba a yi dogon shawara ba. Yaya ya ce, "Ai ke ce nas." Haka na ajiye aikina na hawo jirgi.

Ni ke auna mata jini da sukari, ni ke lissafin ruwan da za ta sha, ni ke duba hannun da ake sa mata allura ko ya kumbura. To, wannan duk zai shiga lissafi ranar da zan sabunta lasisi?

Amsar ta danganta da inda mutum ya yi rajista. A Nijeriya, hukumar ma'aikatan jinya da ungozoma, wato NMCN, wadda aka kafa da doka mai lamba 89 ta 1979, tana neman shaidar kwas ɗin ƙara ilimi da ake kira MCPDP. Zaman jinya ba ya maye gurbin kwas ɗin, ko da uwarka ce a kwance.

A Ingila kuwa awowi ake ƙirgawa. Tun Afrilun 2016 hukumarsu ta NMC ke neman awa 450 na aiki cikin shekara uku, da awa 35 na ƙaro ilimi. Ba a ce dole sai aikin albashi ba, na sa kai ma yana shiga, muddin ilimin nas mutum ya yi aiki da shi. Amma akwai sauran sharuɗɗa: ra'ayi biyar a kan aikinki, da tattaunawa da wata nas mai rajista, da wanda zai tabbatar da takardun. A ɗakin haya a Alƙahira wa zai yi mini wannan? Hajiya?

Ga kuma matsalar Masar. Lasisin Nijeriya bai ba ni ikon aikin nas a nan ba, sai da izinin Ma'aikatar Lafiyar ƙasar. Wato a idon doka ni 'yar rakiya ce kawai, ko cikin ɗakin wankin ƙodar ban da ta cewa.

Gaskiya na fahimci hukumomin. Majinyaci ɗaya gare ni, babu mai duba aikina, kuma idan na yi kuskure babu rahoton da za a rubuta. Sai dai wa ke biyan farashin? Mata ne galibi. A Fabrairun 2024, lokacin da NMCN ta fito da sharaɗin shekara biyu na aiki kafin ta tantance mai son fita waje, har nas-nas suka yi zanga-zanga a Abuja da Legas, na tuna da ƙannenmu da ake turowa jinya suna gama makaranta.

Don haka iyalin da za su turo 'yarsu nas su fara duba ranar da lasisinta zai ƙare, su nema mata hutu a rubuce maimakon ajiye aiki, su kuma sa kuɗin kwas cikin kuɗin magani. Ni dai na gaya wa Yaya bayan Sallah sai wani ya zo ya karɓe ni. Har yau bai ba ni amsa ba.