Tsinin Mahuji da Rayuwar Ƙashi

Wataƙila mai karatu ya yi mamakin ganin malamin ilmin halittu yana magana a kan mahuji, wato ƙarfen nan mai murɗiya da kafinta ko bakanike ke ɗaura wa injin huda. To, dalilina shi ne likitocin ƙashi ma da shi suke aiki. Idan za a ɗora karaya da farantin ƙarfe, sai an huda ƙashin an murɗa ƙusoshi a ciki. A nan kuwa siffar tsinin mahuji tana iya raba warkewa da nakasa.

Irin wannan mahuji mai murɗiya, wani Ba'amurke mai suna Stephen Morse ne ya yi masa rajista a 1863. Idan ka dubi bakinsa da kyau za ka ga kaifi biyu da suka haɗu a kan kusurwa. Na aikin yau da kullum kusurwarsa digiri 118 ce. Ga ƙarfe mai tauri akan buɗe ta zuwa wajen 135, ga abu mai laushi kamar roba kuma a tsuke ta zuwa 90. Bayan kowane kaifi an ɗan zaftare ƙarfen, domin kaifin kaɗai ya taɓa abin da ake hudawa. In babu wannan zaftarewa, mahuji ba ya yanka, guga kawai yake yi.

Abin da mutane suka fi jahilta shi ne can tsakiyar tsinin. Wurin ba kaifi ba ne, wani ɗan gajeren doro ne, kuma da yake yana kan cibiyar juyawa, kusan ba ya tafiya. Saboda haka ba ya yanka, sai dai ya danna ya murƙushe. Kusan rabin ƙarfin da mai aiki ke dannawa a nan yake ƙarewa. Shi ya sa gwanin maƙeri kan fara da siririn mahuji kafin ya sa babba. Idan kuma aka wasa kaifi ɗaya ya fi ɗan'uwansa tsawo, mahujin zai riƙa rawa, ramin ya fi yadda ake so faɗi.

Duk ƙarfin da bai tafi wajen yanka ba, zafi yake zama. Katako ba ruwansa, iyaka ya yi baƙi ya yi ƙauri. Amma ƙashi abu ne mai rai, cike da ƙwayoyin halitta da ƙananan jijiyoyin jini, kuma ba ya saurin watsar da zafi. A 1983 masana biyu a ƙasar Suwidin, Eriksson da Albrektsson, sun gwada a kan zomaye, suka nuna cewa zafin digiri 47 na minti ɗaya tak ya isa ya lahanta ƙashi. Jikin mutum yana kan 37 ne, ka ga tazarar digiri goma ce kurum. Ƙashin da ya mutu a kewayen rami jiki zai zaizaye shi sannu a hankali, ƙusa ta yi sako-sako, ɗori ya lalace. Don haka ne likita ke kwarara ruwan gishiri a wurin, yana zaro mahujin lokaci-lokaci don ɓarɓashi ya fita, kuma ba ya yarda da wanda ya dakushe.

Ra'ayina shi ne mun yi kuskure da muka ware darussa kamar gidajen da ba sa zumunci. Ɗalibi yana auna kusurwa a darasin lissafi, ya haddace guga da zafi a fiziks, ya zana ƙashi a bayoloji, amma ba wanda ya ce masa maganar ɗaya ce. Na san wasu malamai za su ce manhaja ta yi yawa, kayan aiki kuma babu. Ban musa ba. Sai dai wannan gwaji bai fi ƙarfin kowace makarantar sakandare ba. A samo ɗanyen ƙashin saniya a wurin mahauci, a aro injin huda na hannu, da mahuji biyu masu kauri ɗaya, sabo da dakusasshe. A huda ƙaramin rami a zura ma'aunin zafi, sannan a huda wani dab da shi, ɗalibai suna rubuta abin da ma'aunin ya nuna da kowane mahuji. Bayan nan a sake, wannan karon ana zuba ruwa.