Iya Rubuta Manhaja Daban, Iya Riƙe Kamfani Daban

Tun da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da shirin 3MTT a 2023, da burin horar da mutum miliyan 3 kan fasahar zamani, kusan kullum sai ka ga wani a Facebook ko X yana shelar cewa shi da abokansa sun buɗe kamfanin haɗa manhaja. Abin farin ciki ne. Amma ɗan uwa, idan gwanin cikinku ya samu aiki a Legas gobe, wa ya san inda ya tsaya?

Nan ne fa ƙananan kamfanoni ke tuntuɓe. Komai yana cikin kan mutum ɗaya. Kwastoma ya faɗi buƙatarsa ta saƙon murya a WhatsApp, babu wanda ya rubuta, bayan wata biyu a hau musu kan abin da aka yi alkawari. Kuɗi ya maƙale, suna ya ɓaci.

Manya ma rashin tsari na kayar da su. Ranar 19 ga Yulin 2024, kamfanin CrowdStrike na Amurka ya tura wa kwastomominsa wani sabuntawa mai matsala lokaci guda. Microsoft ya ce na'urori kusan miliyan 8.5 suka tsaya, jirage suka kasa tashi. Daga baya kamfanin ya ce zai riƙa sakin irin wannan sabuntawa kashi-kashi. Su sun tsira saboda suna da ƙarfi. Ku da kuke mutum biyar, kuskure ɗaya ya isa ya rufe ku.

Za ka ce tsari ai na masu kuɗi ne. Gaskiya tsarin CMMI mai matakai biyar ya yi wa ƙaramin kamfani nauyi. Shi ya sa aka fitar da ISO/IEC 29110 domin kamfanonin da ba su wuce mutum 25 ba. Matakinsa na asali abu biyu ya riƙe: tafiyar da aiki, da gina manhajar kanta.

To ku fara daga nan. Ku rubuta buƙatar kwastoma ya amince kafin a taɓa kwamfuta. Ku ajiye aikinku a GitHub, kada ya kwana a kwamfutar mutum ɗaya. Wanda ya rubuta, wani daban ya gwada. Duk aikin da aka gama, ku zauna rabin awa ku tattauna inda aka samu tangarɗa, ba tare da neman mai laifi ba, domin wanda ke tsoron faɗa ɓoye kuskure zai yi. Sannan ku zaɓi abu ɗaya da za ku gyara a aiki na gaba, ku sa wa mutum ɗaya alhakin bibiyarsa.