Kura da Shan Bugu, Gardi da Kwashe Kuɗi

A birnin Liyon na nan Faransa ne Claude Bourgelat ya kafa makarantar likitancin dabbobi ta farko a duniya a 1761, kuma annobar shanun da muke kira bushiya tana cikin dalilan kafa ta. Sai a 2011 aka ayyana gushewar wannan cuta daga doron ƙasa. To, wa ya yaƙe ta a ƙasarmu? Cibiyar bincike ta Vom ta haɗa maganin rigakafi, amma malaman dabbobi ne suka bi rugage da mashaya suna tsira wa shanu allura, a gangamin da aka soma a 1962 a Najeriya, Nijar, Kamaru da Cadi. Da gangamin ya ƙare aka yi sakaci da bibiya, sai bushiya ta dawo a farkon shekarun 1980 ta yi wa makiyaya ɓarna mai yawa.

Haka lamarin yake a lafiyar ɗan Adam. Da aka wanke Afirka daga cutar shan-inna a 2020, shugabanni aka yi wa tafi. Ba a tuna da mai lura da sanyin maganin rigakafi ba, balle matan da suka bi gida-gida cikin rana. Likita komai ƙwarewarsa, in babu mai gwajin jini da mai ɗaukar hoton ƙirji, lalube yake yi cikin duhu.

Amma siyasarmu gini take so, domin shi ake yanka wa kyalle gaban 'yan jarida. Gwamna zai sayo na'urar miliyoyi, ta lalace bayan wata shida, ƙura ta rufe ta don babu mai gyara. Mai takardar HND yana tsufa a ƙarƙashin mai digiri, ko da shi ya koya masa aikin. Kano ta mallaki makarantar koyon aikin tsafta tun 1932, amma yau wane matashi ne ke burin zama duba-gari?

Ku dubi asibitin René-Muret da ke Sevran, inda ake jinyar tsofaffi. Mataimakan ma'aikatan jinya ne ke ɗawainiyarsu dare da rana, kuma dokar Faransa ta ba su takardar shaida ta gwamnati da hanyar ƙaro karatu har su zama cikakkun ma'aikatan jinya.

'Yan uwa, akasarinmu manyan takardu muka zo nema, kuma mu ne gobe za mu zauna a kujerun da ake tsara albashi da ƙarin girma. Kafin wannan rana, duk ƙungiyar da za ta aika na'ura gida, ta haɗa da kuɗin horar da mai sarrafa ta. Ɗan takarar da ya zo neman goyon bayanmu kuwa, mu tambaye shi malaman asibiti da na dabbobi nawa zai ɗauka aiki, kuma yaushe zai biya su. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.